Ƙarfen Kofaton Doki a Saman Ƙofata

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina ɗawainiya? Ya jikin Inna? Ya maigidanki da yara? Allah ya sa kowa lafiya.

Yaya, ni kam ba lafiya. Watan jiya na yi wa wani dattijon Bature ɗan ƙasar Ayilan dakon kaya a Abalessa, wani gari a nan kudancin Aljeriya. Da zai tafi ya ba ni ƙarfen kofaton doki, ya ce a garinsu saman ƙofa ake kafa shi, bakinsa sama, don kada sa'a ta zube. Na yi dariya, amma da na dawo Tamanrasset sai na kafa shi, don aiki ya yi wuya.

Bayan kwana huɗu na faɗo daga bene a wurin gini, ƙuguna ya karye. Likita ya ce ni da ɗaukar bulo har abada.

Malam Sani, abokin zamana, ya ɓamɓare ƙarfen, ya ce, "Idi, ka saki Allah ka kama ƙarfe?" Maganar nan ta fi ciwon cin raina.

Ki roƙa mini gafarar Allah. Ki gaida kowa. Inna kuwa kada ki gaya mata tukuna, ki dai ce bana ba zan zo Salla ba.

Ƙanenki,
Idi