Katin da Ba Shi da Mai Shaida

Kamazou, Talata 7 ga Afrilu

Zuwa ga Alhaji Hamza,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Hajiya Fiddausi da yara, yaya zafin nan? Na san waya ba ta yi maka amfani tun da ƙarar injinan matatar mai ta cinye maka kunne, shi ya sa na zauna na rubuta. Boniface mai kayan mota a Kakuri zai ƙetara maka da ita Tudun Wada.

Alhaji, abokinka Alexander, Baban Vicky, ba shi da lafiya, kuma ya hana ni faɗa wa kowa. Zuciya ce. A gabana likita ya ce masa ban da tafiya mai nisa, ban da shiga rana. Baban Vicky ya ce to, har da godiya. Muna fitowa daga asibitin ya tsaya a shago ya sayi sababbin ƙwallayen golf.

Shekara talatin ina auren ɗan golf, amma abin da na fahimta bai cika cokali ba. Na dai san kowannenku yana da lambar da kuke kira handikaf, wato yawan bugun da ake yafe wa mutum, kuma ƙanƙantar lambar ita ce shaidar gwaninta. Tasa tara ce. Ya fi son tarar nan da abincinsa. Yanzu kwamitin kulob ɗinku ya ce duk wanda bai miƙa katin da ake rubuta bugun wasa ba kafin ƙarshen watan nan za a sauke sunansa daga allo, shi kuwa tun damina bai miƙa ko ɗaya ba.

Boniface ne ya faɗa mini cewa kati ba ya karɓuwa sai an zagaya ramuka goma sha takwas tare da abokin wasa, ya ga kowane bugu, ya sa hannu a matsayin mai shaida. Sai na ga mafita. Idan babu mai raka shi, babu kati, idan babu kati me zai kai shi rana? Na roƙi abokan wasansa Boniface da Derrick, sun yarda za su riƙa kawo uzuri. Saura kai, kuma kai ne wanda ya fi yarda da shi.

Don Allah idan ya neme ka, ka ƙi. Gara ya yi fushi da ni yana raye. Tsoro nake ji, Alhaji, ban taɓa jin irinsa ba.

Ka gaida mutanen gida duka.

Taka,
Rebecca, Maman Vicky

Tudun Wada, Juma'a 10 ga Afrilu

Maman Vicky,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, Hajiya tana amsawa, ta ce har yanzu tana jiran acca da kika yi mata alkawari tun Kirsimeti.

Takardarki ta tayar mini da hankali, amma ba ta ba ni mamaki ba. Wasanmu na ƙarshe da mijinki Injiniya, a rami na bakwai na waiwaya na gan shi ya dogara da sandarsa, leɓɓansa sun yi fari fat. Na ce mu zauna, ya ce takalmi ne ya matse shi. Daga nan ya juya gida bai ƙarasa ba. Na ɗauka wasan ne ya ƙi shi, yake gudun kada mummunan kati ya ɓata masa lamba. Ashe abin ya wuce nan.

Bari in gaya miki, 'yan golf iri biyu ne. Akwai irina. Lambata ashirin da biyu, kuma kiwonta nake yi kamar ragon layya, ina lallaɓa ta ta yi ƙiba. Idan na ga wasa ya yi mini kyau fiye da kima a ranar da ba gasa, sai hannuna ya ɗan kauce a ramukan ƙarshe. Ranar gasa kuwa sai a yafe mini bugu ashirin da biyu, in kwashe kyauta ana zagina ina dariya. Firjin da ke ɗakin Hajiya ma daga nan ya fito. Sannan akwai irin mijinki, waɗanda ba su taɓa cin ko buta ba, amma suna so idan sun shigo a yi ƙasa da murya a ce ga mai tara nan. Mu namu ciwon kwaɗayi ne, yana jin magani. Nasu ban san maganinsa ba.

Zan yi abin da kika ce. Zan ce masa gwiwata ce ta tashi, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Sai dai zuciyata ba ta kwanta da dabarar nan ba. Tare muka yi aiki shekara da shekaru a matatar, ban taɓa ganin an rufe wa Injiniya ƙofa ya koma gida ba. Zagayawa yake yi.

Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki haƙuri.

Naku,
Hamza

Kamazou, Talata 14 ga Afrilu

Hamza,

Ina gaisuwa. Ina fatan gwiwar ta yi sauƙi. Abin mamaki, a mako ɗaya Boniface ya kamu da ciwon baya, Derrick ya sami baƙi daga ƙauye, kai kuma gwiwa. Ni injiniya ne. Idan famfo uku suka tsaya lokaci guda, na san hannu ɗaya ne ya rufe su, kuma na san hannun, don shi yake zuba mini abinci.

Ban ga laifinta ba. Amma kai ya kamata ka gane. Lokacin da muke aiki, idan na shiga sashena mutane tashi suke yi. Yau idan na je ofishin fansho sai a ce, Baba, koma layi. Vicky tana Legas, sai ranar Lahadi take kira. Abin da ya rage mini wanda ba kyauta aka ba ni ba, ba kuma tausayi ba, shi ne wannan lambar da ke jikin allo. Shekara goma sha ɗaya na yi ina saukowa daga goma sha takwas zuwa tara, bugu bayan bugu.

Ba zaune nake ba. Ka san ranar Laraba ake rufe fili don a kwaɓa yashin bakin ramuka da baƙin mai. Idan ma'aikatan suka tashi da hantsi, wurin ba kowa sai ni da shaho. Nan nake zuwa in gwada hannuna, don ba na so a ga yadda nake haki. Rebecca ta ɗauka taron 'yan fansho nake zuwa. Wannan tsakanina da kai ne.

Hannun yana dawowa. Alhamis ta mako mai zuwa nake so mu fita, ka riƙe mini kati. Ban saba roƙo ba, ka sani.

Ka gaida Hajiya.

Alexander

Tudun Wada, Alhamis 16 ga Afrilu

Injiniya, mutumina,

Gaisuwa irin ta tsofaffin abokai. To, ka kama mu. Dama ƙaryar tsofaffi ba ta da ƙafa, balle tawa mai ciwon gwiwa.

Ka ji tsoron Allah, Alex. Ka san yadda baƙin yashin nan yake turiri a Afrilu, ko mai lafiya sai ya ji ƙafarsa tana dahuwa a cikin takalmi. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Me zai faru idan tarar ta zama goma sha biyar? Ka zo unguwarmu ta masu manyan lambobi, akwai inuwa, akwai shayi, kuma mu muke tafiya gida da raguna.

Amma na san ba za ka ji ba, don haka ga shawara. Na kwana ina juya ta, kuma ta yi mini daidai. Ranar Alhamis ɗin mu haɗu tun da sassafe, kafin mutane su zo. Mu zauna a gindin mangwaron nan na bayan rami na uku, inda ba a hango mu daga kulob. Zan zo da fura mai sanyi. Ka rubuta abin da ka san hannunka zai iya bugawa a ranar da kake lafiya, ni kuma in sa hannu. Ba ƙarya ba ce can can, ai ka sha buga hakan a gabana. Sunanka ya zauna a allo, Maman Vicky ta yi barci, kai kuma ka ga auren Vicky. Wa aka cuta?

Sa hannu ne kawai, Alex. Na yi wa mutanen da ba su kai ka daraja ba.

Sai na ji daga gare ka.

Abokinka,
Hamza

Kamazou, Lahadi 19 ga Afrilu

Alhaji Hamza,

Na sami takardarka, na karanta ta sau biyu.

Shekarun nan duka na san kana wasa da lambarka, ina dariya, don taka ce. Ban san kana sa hannu a kan abin da idonka bai gani ba. Yawancin katunan da suka kawo ni tara, hannunka ne a ƙasansu. Jiya na tsaya a gaban allo ina kallon sunana, na kasa sanin ko lambar tawa ce ko alherinka ne. Na san zuciya ɗaya ka yi, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Yanzu ko ka bi ni rami goma sha takwas kana ƙirgawa da ƙarfi, shaidarka ba ta da amfani a wurina. Maganar kwamiti ma ta fita daga raina, su sauke sunan idan sun ga dama. Ni nake so in sani. Zan zagaya filin duka, in rubuta kowane bugu, a gaban Wanda ba a yi masa wayo.

Kada ka wahalar da gwiwarka ranar Alhamis.

Na gode da furar.

Alexander

Kamazou, Talata 21 ga Afrilu

Alhaji,

Ina gaisuwa.

Ban san abin da ya shiga tsakaninku ba. Tun da takardarka ta zo ya daina faɗa da ni, kuma shirun nan ya fi faɗan ba ni tsoro. Ranar Lahadi bayan sujada ya tsaya ya gaisa da kowa, har da mutanen da ya yi shekaru ba ya kulawa. Ya kira Vicky da kansa, suka daɗe. Jiya ya fito da sandunansa tsakar gida ya wanke su ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori, ya jera su a rana. Na ce, Baban Vicky, wa zai raka ka? Ya yi murmushi ya ce in kawo masa ruwa.

A nan ne na gane abin da na yi. Ina tsammanin na hana shi fita ne, ashe mutanen da za su ɗaga shi idan ya faɗi na kora. Garin neman gira zan rasa ido.

Na janye roƙona, Alhaji. Ka zo ranar Alhamis. Ko ya kore ka, ka bi shi daga nesa da ruwa da lema. Na gaya wa Boniface da Derrick, su ma za su zo, Derrick zai ajiye mota kusa. Idan zai yi wannan haukar, ya yi ta a tsakiyar mutane.

Hadari yana ta haɗuwa ta wajen Rido yana watsewa, garin kamar an rufe tukunya. Ina addu'a ruwan ya sauko kafin jibi ya hana kowa fita. Gobe Laraba dai hankalina a kwance yake, yana da taronsu na 'yan fansho kamar kullum. Jibin nake tsoro.

Boniface ya ce sai gobe da rana zai sami shigowa wajenku. Ka ba shi amsa ya taho mini da ita.

Taka,
Rebecca

Tudun Wada, Talata 28 ga Afrilu

Maman Vicky,

Ina ƙara yi miki ta'aziyya, ke da Vicky. Allah ya ba ku haƙuri.

A wurin zaman makoki kin tambaye ni abin da na tarar. Na ga bakinki yana motsi, na gane tambayar, na fake da kunnena. Ga amsar.

Takardarki ta iso ni bayan azahar. Ina kaiwa inda kika ce gobe Laraba yana da taro, na miƙe ko hula ban ɗauka ba. Babu wani taro, ni na sani, ya faɗa mini inda yake zuwa ranar Laraba. Da ya ce kada in zo Alhamis na ɗauka fushi ne kawai.

Mun same shi ni da Boniface a gindin dalbejiyar da ke bayan rami na ƙarshe, a zaune, ya jingina da jakarsa, rai ya riga ya yi halinsa. Ya gama duka goma sha takwas. Katin yana hannunsa. Wasan bai yi kyau ba ko kaɗan, a rami ɗaya ma sai da ya yi bugu goma, kuma ya rubuta goman da kyakkyawan rubutunsa, bai rage ko ɗaya ba. Ya haɗa jimla, ya sa hannu a wurinsa.

Sakataren kulob ya ce da katin nan ya shiga, da lambarsa ta hau. Ya miƙo mini biro, wai ko zan cike gurbin don a rufe masa littafi. Na ce ban ga wasan ba.

Don haka katin bai karɓu ba, ga shi na sa miki a cikin ambulan. Wurin sa hannun mai shaida babu kowa. Allon har yanzu tara yake cewa.

Naku cikin jimami,
Hamza