Harafin da Ya Sauya Sheƙa

Asabar, 3 ga Oktoba 1964, Aswan
Nagat ba ta zo darasin yamma ba. Shekara huɗu ina koya mata Turanci, ni na fara ɗora mata ƙamus a hannu. An ce tana ajin Rashanci na Ustaz Wadi, wanda ya dawo daga Mosko da hular gashi. A zafin Aswan.

Talata, 6 ga Oktoba
Na tare ta. Har yanzu Abla take ce mini, wato malama. "Abla Insaf, Baba ya ce Amurkawa sun hana kuɗin gina madatsar ruwa, Rashawa suka kawo motoci. Wa zan yi wa tafinta da Turanci, kadojin kogi?" Na yi dariya don dole.

Lahadi, 18 ga Oktoba
A shifta ta rubuta sunanta da H a farko. Wai a Rashanci H ce N, P kuma R. Haruffan ma sun sauya sheƙa. Na zagaye H ɗin da jan biro har takardar ta huje.

Alhamis, 5 ga Nuwamba
Ɗakin malamai. Wadi yana kurɓar shayi: "Ya Abla, ki ba ni aron ɗalibarki, zan dawo miki da ita injiniya." Na ce aron da Mosko ta karɓa ban taɓa jin ya dawo ba. Ya ce na Landan fa? Kowa ya yi dariya. Muguwar fara'a gare shi, yara na binsa kamar ƙuda. Ni na so ta tafi jami'a a Alƙahira, ta dawo ta karɓi ajina.

Litinin, 16 ga Nuwamba
Ban ci komai ba sai wake da burodi.

Laraba, 2 ga Disamba
Rashawa sun ɗauke ta karatu a Kiyef, za ta tafi bayan jarrabawa. Ni ta fara zuwa wa, kafin Wadi, na tambaya. Tana murza bakin mayafi ta ce, "Abla, in na rubuto daga can da haruffansu, wa zai karanta wa Mama? Kar ki ce Ustaz, surutu gare shi."

Asabar, 5 ga Disamba
Talatin da uku ne, haruffan. Na karɓi littafin koyon Rashanci wajen Wadi, na ce na ɗan yayata ne. H ce N. Ba wai sun burge ni ba. Rubutun yarinyar ƙanana ne, sai mutum ya fara da wuri.