Teburin Kawu Ba Za A Huda Shi Ba

Diffa, watan Agusta 2017

Zuwa ga Kawu Alkali, a Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ta girmamawa gare ku, da fatan takardar nan ta same ku lafiya, ku da Ya Fanna da yara. Allah ya ƙara muku sauƙin ciwon gwiwa. Mu nan alhamdulillahi. Inna tana lafiya, sai kewar yayanta. Ruwa ya sauka sosai bana, amma gonarmu ta bakin kogin Komadugu har yanzu ba mai zuwa. Ƙanwata Zara ta sauka lafiya, namiji, an yi muku takwara.

Kawu, na ji saƙonku na waya. Kun ce in ba Alasan na garin Maine teburin biliyar ɗin, na wasan ƙwallo da sanda, da ke cikin tsohuwar mangazarku ta ajiyar tattasai, in rufe ƙofa, in hau mota in zo Yamai. Na zaɓi rubutu ne don in ina jin muryarku bakina ba ya iya cewa a'a. Ku yi mini haƙuri. Ban ba shi ba, kuma ba zan ba shi ba.

Ranar Talata Alasan ya zo da kafinta. Kafintan ya zagaye teburin, ya leƙa ƙasa, ya shafa kusurwoyi, sai ya ce Allah ya jiƙan wanda ya ƙera shi, da gani ya mutu bai gama aiki ba, ko rami ɗaya babu. Alasan ya ce shi ya sa ya kawo shi, samarin Maine mai ramuka suke so, za a huda shida. Na ce musu wannan haka yake, ba a huda shi. Ƙwallo uku ne kawai, kuma taka sai ta bugi gefe sau uku kafin ta taɓa ta ƙarshe, sannan ka ci. Kafinta ya yi dariya, ya ce wane irin wasa ne wannan, ƙwallo ta yi ta yawo ba ta da gidan shiga, kamar ƴan gudun hijirar Assaga. Bai san a bayansa akwai mutumin da ya kwana a Assaga ba.

Baba Kolo na Bosso nake nufi, Kawu. Yana raye. Bara da mutanen daji masu tayar da ƙayar baya suka faɗa wa Bosso ya fito da ƙafa, ya yi watanni a bukkar leda a Assaga, yanzu yana wajen ƴarsa a nan cikin gari. Wata rana yana wucewa ya ji ƙarar ƙwallo daga mangaza, ya shigo ba sallama, ya dafa teburin. Tun daga ranar kullum da hantsi yana nan. Shi ne ya gaya mini abin da ku ba ku taɓa gaya mini ba.

Ya ce shekara talatin da wani abu da suka wuce, da Turawan aikin hanya suka tashi, ku kuka karɓi teburin daga hannunsu, mutanen unguwa suka ɗauko shi a ka kamar gawa. Ya ce ku kuka aika wa duk wanda kuka ji ya iya wasan: wani malamin lakwal, wato makarantar boko, daga Damagaram, wani ma'aikacin likita daga Maradi, direba daga Agadas, da ƴan gayu biyu daga Yamai. Kuka sa mata suna gasar ƙasa baki ɗaya, kofin kuwa butar shayi ce. Da damina aka yi, danshi ya kama ƙyallen teburin, ƙwallo ta ƙi gudu. Shi Baba Kolo ya kawo kaskon da yake bandar kifi da shi, aka zuba garwashi aka tura ƙarƙashi. Teburin ya bushe, ƙwallo ta kama gudu, amma ƴan Yamai suka koma gida rigunansu suna warin kifi. Ku da shi kuka kai ƙarshe. Ya rantse bugunku na ƙarshe gefe biyu ya taɓa, sai dai ƙurar tattasai ta shiga hancin alƙalin wasa, yana atishawa bai gani ba. Ya ce in gaya muku butar nan aro kuke riƙe da ita.

To da kafinta ya yi maganar Assaga, Baba Kolo bai yi fushi ba. Ya ce masa ɗana, gaskiya ka faɗa, mu ma mun bugi gefe uku, Bosso, Assaga, Diffa, kuma ba mu faɗa rami ba tukuna. Ya ɗauki sanda ya shafa alli. Ya buga ya kuskure, ya sake ya kuskure, ya ce laifin kafinta ne da ya tare masa haske. Kafinta bai kula ba, ya fito da zarto. Ni kuwa na cire takalmi na hau teburin na zauna a tsakiya. Alasan ya ce Maina, kawunka ne fa ya ba ni. Na ce na sani. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce zai kira ku, waya ta ƙi shiga. Ban sauka ba, har aka kira azahar suka tafi.

Na san tsoro ne ya sa ku, ba ƙin teburin ba. Kuna jin labarin Diffa a rediyo, kuna tuna duk wurin da mutane ke taruwa abin hari ne. Ba na yi muku musu. Mun je komisariya mun sanar da ƴan sanda, da rana muke yi, ba ma cika ɗaki, kafin magariba kowa ya kama gabansa. Amma Kawu, ku duba. Rikicin nan ya raba mu da gona, ya raba mu da kifi, ya ajiye baburan samari. Masu zuwa mangazar nan manoma ne da ba gona, da ƴan gudun hijira na Damasak da ba su san kowa ba. Suna koyon wasan da ke son haƙuri, suna gardama, suna dariya. Mutanen daji ba su shigo ɗakin nan ba. Ba za mu ɓata teburin da hannunmu mu hutar da su ba. Mun ma sa ranar gasa bayan kaka, kuma ba zan bar Diffa in bar su ba.

Teburinku ne, ban manta ba, kuma ban taɓa ƙetare maganarku ba sai yau. In har kuna nan a kan a huda shi, ba ta waya za a yi ba. Ku zo da kanku, ku tsaya a gabansa, ku kalli masu wasa, sannan ku ce mini sauka. Ranar zan sauka, ni zan miƙa muku zarton.

Inna tana gaishe ku. Ku gaida mini Ya Fanna, da Kubura, da Fannami, ku ce wa Yagana ta dage da karatu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya dawo da ku gida da ƙafarku.

Ɗan ƙanwarku mai jiran zuwanku,
Maina