Ranar da Kunnenka Ya Bushe

Duk uwar da takardar nan ta faɗa hannunta, ta ji tsoron Allah. Kunyar ɗan fari ba ta kai ran ɗan fari ba.

Zuwa ga ɗana Habibu,

Bayan sallama da addu'a. Na san ba za ka karanta ba. Ka ga yau na rubuta sunanka, sunan da ban taɓa furtawa ba kana raye. Yaron nan nake ce maka, sai ka ce ɗan maƙwabta.

Tun yaye kakarka ta ɗauke ka ɗakinta. Kunnenka na hagu ya daɗe yana zubar da mugunya, ita kuma tana ɗiga man gyaɗa, ta toshe da auduga. Ni da aka koya wa ilimin ƙwayoyin cuta a makarantar 'yan mata ina kallo. Wace suruka ce a garinmu Beli za ta tanka a kan ɗan fari?

Da kunnen ya bushe, har waina aka yi sadaka. Ranar ka tsaya bakin ɗakina dafe da kai, kana runtse ido don hasken rana. Na kore ka wajen kakarka. Me ka zo gaya mini?

Sai amai, sai jijjiga. A gida aka ce iska ce, a asibitin Karaye aka zaci sanƙarau. Da motar gyaɗa ta kai mu Kano, Baturen likita ya ce mugunyar ba bushewa ta yi ba, ƙwaƙwalwa ta shige. Ya ce ba kasafai ake gani ba, kuma da an zo da wuri, da allura ta isa.

Ranar gaisuwa mata suka yi ta yabona, wai ko hawaye ban yi ba, 'yar mutunci. Su riƙe yabonsu.

Akuyarka ta haihu. Babanka ba ya zancenka. Kakarka kullum cewa take kwana ne ya ƙare. Kwana na Allah ne, ban musa ba. Audugar fa, wa ya tura ta?

Na kafa doka, na faɗe ta a tsakar gida gaban kowa. Yaron da kunnensa ya yi ruwa, gari na wayewa sai asibiti, ba mai, ba auduga. Kuma a gidan nan ɗan da ya dafe kai, uwarsa za ta kira sunansa ta tambaye shi, ko gaban wa take.

Allah Ya jiƙanka, Habibu.

Ni ce uwarka, wadda ta kira ka bayan ka daina ji.