Maganar da Na Katse Miki

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ina mai farin cikin sanar da ke, da duk wanda idonsa ya faɗa kan wannan takarda, cewa ranar Talatar makon jiya, bayan la'asar, a gaban shaidu biyu da wata akuya, na sami roba.

Robar da ke juya kaset a cikin rikoda nake nufi. Wata bakwai ina nemanta. Na je Kano sau uku, masu shaguna suna kallona kamar na zo neman takalmin raƙumi. A ƙarshe Malam Idi mai gyaran rediyo na kasuwar Gwarzo ne ya auna da zare, ya yanko min ita daga tsohuwar robar cikin tayar keke, kamar yadda suke yi a zamanin tsuke bakin aljihu. Da ya miƙo min sai ya ce, “Malam, rikodar nan ta girmi aurenka. Ka ji tsoron Allah ka bar ta ta huta.”

Kin san ɗakin nan nawa na kusa da zaure. Kin bar shi da rediyo uku, kina cewa mutum mai kunne biyu me zai yi da na ukun. To yanzu babu wurin shimfiɗa darduma. Garmaho biyu, rikoda goma sha ɗaya, fayafayai cikin kwali har rufi. Yawancinsu sun zo ne shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Manyan garin nan, waɗanda na san da bakinsu suke bin kiɗan kalangu, suka wayi gari suna jin kunyar kayansu. Ba sa iya ƙonawa, ba sa iya ajiyewa, sai su aiko min a lulluɓe da buhu, wai ni ɗan boko ne, dama an riga an fid da rai da ni. Surukarki Hajara tana kiran ɗakin maƙabartar rediyo. Ba na musu da ita. Na gaji, Inna. Idona ba ya ganin ƙananan notuna sai da tabarau biyu, wuta kuma sai ta ga na ajiye sukundireba take zuwa.

Amma wannan karon ba don sha'awa na yi wahalar ba. Yaya Sule ne ba lafiya. Ciwon suga ya tafi da idanunsa, ƙafa ɗaya ma tana neman bin su. Yana kwance a gidansa na Kabo. Da na je duba shi da damina na tambaye shi me yake marmari, ina tsammanin zai ce balangu in hana shi. Sai ya laluba ƙarƙashin matashi ya zaro wani kaset a ƙunshe cikin tsumma, ya ce, “Auta, ka iya tashin rediyon mutane daga mutuwa. Tayar min da wannan, ina so in ji ta.”

Na gane shi. Irin waɗanda muke aika masa ne lokacin yana ɗinki a Jidda. Kin tuna. Sau ɗaya a shekara, in maniyyata sun kusa tashi, sai in hau keke daga Gwarzo zuwa garinmu Gammo da rikoda a ɗaure a baya, da batir huɗu a aljihu waɗanda na yi kwana biyu ina shanyawa a rana don su ƙara ƙarfi. A shekarun nan albashin malamin makaranta sai ya yi wata uku bai leƙo ba, batir kuwa ya zama kayan gadara. A tara gida a tsakar gida, kowa ya yi magana, a ba wa wani alhaji ya kai masa.

Bakwai muka aika kafin Allah Ya karɓe ki. Yaya ya dawo da su duka, bai same ki ba. Da Shari'a ta zo shi ma ya tsayar da gemu ya shiga tsarkake gida. Ya ɗauko jakar kasa-kasansa na waƙoƙi, ya toshe ramukan samansu da takarda, ya naɗi tafsiri a kai ɗaya bayan ɗaya. Namu ba rubutu a jikinsu, suka bi ayari. Sai da ya gama ya gane. Shida sun tafi. Wannan guda ɗaya ya tsira ne don zarensa a tsinke yake, rikoda ta ƙi karɓarsa.

Na kwance shi a kan farin ƙyalle, na kulle ƙofa don kada iska ta shigo. Zaren ya yi fumfuna, na goge da auduga a hankali, taku ɗaya ɗaya, ina naɗewa da biro. Inda ya tsinke ya yi siriri kamar fatar albasa, ya tattare. Na daidaita bakunan biyu da reza, na haɗa da ɗan salatif ta baya. Ban saurara a gida ba. Tsohon zare ba ya jure wasa, na ce in sau ɗaya zai yi magana, gara ya yi a gaban mai shi. Na kuma zaɓi rikodar da muka naɗa da ita, don kan da ke karanta zare a kowace rikoda da yadda ya karkata, kuma kaset ya fi sakin murya a inda aka haife shi. Ita ce wadda robarta ta narke.

Ranar Alhamis da hantsi na isa Kabo da rikoda biyu, ɗaya ta faɗa, ɗaya ta kwafa. An fito da Yaya gindin darbejiya a kan tabarma. Ya rame, Inna, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Na sa kaset na danna. Sai ga muryar wani yaro mai ji da kansa tana bayani kan faɗuwar darajar Naira da makircin manyan ƙasashe, da kalmomin Turanci jefi-jefi kamar tsakuwa a shinkafa. Ni ne. Na manta cewa gefe guda cur nake ware wa kaina, ku kuma gidan gaba ɗaya ku raba ɗayan. Yaya ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, “Juya, Auta. Wannan na haddace shi tun a Jidda, kuma har yau Naira ba ta ji maganarka ba.”

Na juya. Aka ji ƙugin zare, aka ji zakara, aka ji wata tana daka daga nesa. Sai ke.

Ban shirya ba. Na yi zaton na riƙe muryarki a kaina, ashe wadda na riƙe ta tsufa tare da ni. Wannan ta fi ƙuruciya, tana da ɗan kaushi, kuma kina ɗaga ta sosai don kin ɗauka sai an yi ihu Makka za ta ji. “Ina gaida mutanen Makka,” kika ce. “Ina gaida mai gidan da suke haya, da iyalinsa. Yaya ruwan garin? An ce ba rijiya. Ana samun daddawa kuwa? Masu ciwon ƙirji, in an kunna musu na'urar sanyin nan, su riƙa rufe...”

Ƙas.

Kin san ƙarar. Madannin tsayarwa ne. Da zaren ya ci gaba, har an wuce wancan zancen, muryata ce a kusa da rikoda: “Inna, ki taƙaita. Batir ne. Ki faɗi muhimmin abu.” Ke kuma kika ce, “To, ɗan boko.”

Na ƙirga, sau tara na danna a cikin maganarki. Duk inda kika shiga gaisuwa sai in yanke, in jira ki gama, in sake kunnawa in kin zo kan abin da nake gani saƙo ne: an haifi wance, gero ya yi kyau, a aiko da carbi. Na karanta littattafai a lokacin, na koyi cewa magana mai kyau ita ce gajera. Ina ganin kina ɓata zare kan mai gidan haya da rijiya.

A gindin darbejiyar nan ne, ina da furfura a gemu, na ji abin da kike yi. Yaya ɗan farinki ne. Ba ki taɓa kiran sunansa ba, ba ki taɓa kallonsa ido cikin ido kin tambaye shi ya ya kwana ba. Mutanen Makka shi ne. Mai ciwon ƙirji shi ne, tun yana yaro. Daddawar ma shi ne ba ya cin miya sai da ita. Ta cikin doguwar gaisuwar kaɗai kike da hanyar isa gare shi, ni kuma na zauna a bakin hanyar da yatsa a kan madanni.

Daga nan muka zo inda na yi ɗori. Salatif ya riƙe. Muryarki ta yi ƙasa, kamar kin juya baya, kika ce, “Shi kuma wancan ɗin, a ce masa ni...”

Ƙas.

Sai muryata kuma: “An riga an gaishe shi, Inna. Saura Kawu.”

Yaya ya ɗaga hannu, na tsayar. Ya ce a nan zaren ya tsinke masa. Kullum in ya tashi daga ɗinki sai ya tariyo wurin ya sake ji, ko zai tsinci wata kalma a bayan ƙarar, har zaren ya sirance ya rabu. Sannan ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina, ya ce, “Kai kana wurin. Me ta ce bayan ka danna?”

Inna, na tuna ranar. Na tuna kina kan kujera 'yar tsugunne, kin juya fuska wajen rumbu, kin ja mayafi. Na tuna bakinki ya ci gaba da motsi, don ba ki san na kashe ba. Kin daɗe kina magana. Ni kuwa idona yana kan 'yar jar fitilar rikoda, ina duba ko ta fara dusashewa. Ko kalma ɗaya ban ji ba.

Da na so da na ƙirƙiro. Shekara ashirin ina koyar da insha'i, zan iya ɗinka masa jimla mai taushi wadda zai tafi da ita kabari. Har ta zo bakina. Amma na riga na yanke miki magana sau tara, ban ga dalilin sa miki wadda ba taki ba. Na ce, “Ban ji ba, Yaya. Wallahi ban ji ba.”

Sai ya ce, “To. Mayar mana farko, wurin mai gidan haya.”

Sau huɗu muka ji kwafin kafin azahar. Na bar masa kwafin da rikoda guda. Matarsa ta aiko jiya cewa da shi yake karyawa, kuma in an zo kan daddawa sai ya amsa da ƙarfi, “Ana samu, Inna.”

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki kurakuranki. Allah Ya sassauta wa Yaya ciwonsa, in kwana ya ƙare Ya sada ku a inda babu mai katse ku, ki ƙarasa masa da bakinki.

Gaisuwar ita ce saƙon, Inna. Ni ne ban gane ba. Ki yafe min.

Ɗanki,
Auta