Fatar Ɗan Maraƙin da Aka Kira Barewa

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Sashen Kula da Gandun Daji da Wuraren Kiwo,
Ofishin Filayen Gwamnati.

Daga:
Telan bakin tasha,
Shagon da ke kusa da famfo,
A madadin gwaggonsa mai sayar da nono.

Laraba, 16 ga Maris.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HARBE ƊAN MARAƘI A GANDUN KIWO NA GWAMNATI, DA TSARE FATARSA A ƊAKIN AJIYAR OFISHINKA

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina rubuto wannan takarda ne a madadin gwaggona, ƙanwar mahaifina, dattijuwa mai shanu huɗu. Tana da izinin kiwo a gabashin rafin gandu, kuma kowace shekara da ƙafarta take zuwa ta sabunta shi, ba a taɓa aika mata ba. Ita ba ta rubutu, ni kuma ba na kiwo, saboda haka ta faɗa na rubuta, na kuma cire waɗansu kalmomin nata da ba su dace da teburin Mai Girma ba. Ba ɗaurin kowa muke nema ba. Fata ɗaya muke nema, kafin hantsin Juma'a. Ga dalilanmu.

1. Ranar Asabar, 12 ga Maris, da hantsi, gwaggo ta kai shanunta gabashin rafi kamar kullum. Ta bar ɗan maraƙin saniyarta Baƙa, ɗan wata guda, ja, kwance a inuwa da guntuwar igiya a wuyansa, ta gangara ɗiban ruwa. Tana durƙushe ta ji harbi a jere kamar an shigo gari da yaƙi. Ko da ta hauro, sai ta tarar da maza bakwai, da karnukansu da baburansu, sun kewaye ɗan maraƙin suna tafa wa juna. Su ne maharban nan da ofishinka ya ba izinin farauta a yammacin rafi, ba gabas ba. Shugabansu shi ne wanda suke kira Kwamanda, mutumin da ke sayar da tsofaffin tayoyi daga Litinin zuwa Juma'a, ranar Asabar kuma ya sa rigar sojan gwanjo ya zama dodon daji. Ranka ya daɗe, jarumai bakwai ne suka haɗa ƙarfi a kan dabbar da ko an ce mata ta gudu wajen uwarta za ta nufa.

2. Gwaggo ta tsaya a kansu tana salati. Kwamanda ya dube ta sama da ƙasa, ya ce barewa ce, in kuma idon tsohuwa ya fara ba ta matsala ta je asibiti. Ta nuna masa igiyar wuya, ta tambaye shi ko barewar garinsu da igiya ake haifarta. Nan ya koma cewa a mace suka same shi. Da ta nuna masa jinin da ke zuba da ɗuminsa, sai ya ce ai karnuka ne suka yi ɓarnar, su dai sun yanka ne don kada nama ya lalace. Duk wannan kame-kamen yana yin sa ne yaransa na fiɗa a bayansa, Baƙa kuma tana zagaye su tana kuka. Ina so a rubuta cewa kafin a fara fiɗar sai da ya ɗora ƙafa a kan gawar, ya gyara hula, aka ɗauke shi hoto da waya. Hoton ya zagaya tasha tun kafin la'asar, ni ma an nuna mini a shago. Igiyar ta fito a ciki fiye da fuskarsa.

3. Ma'aikacin gandu ya iso bayan an gama komai. Ya karɓe fatar, ya ce shaida ce, za ta tafi ofis, kuma ba mu ga laifin wannan ba. Naman ne dai bai zama shaida ba. Gwaggo ta ce an rarraba shi a jakunkuna a gabanta, kuma ita jaka takwas ta gani a inda maharba suke bakwai. Ban ƙara komai a kan wannan ba, na bar wa Mai Girma.

4. A nan nake roƙon a yi haƙuri da ni in yi bayanin da na san ba aikin ofis ba ne. Irin shanun gwaggo ba sa sakin nono sai ɗansu yana gabansu. Sai uwa ta shinshina shi, ta lashe shi, sannan ta saki jiki a tatsa. In ɗan ya mutu, abin da makiyaya suke yi shi ne su cusa busasshiyar ciyawa a fatarsa, a ɗinke, a shafa mata ɗan gishiri, a ajiye a gaban uwar lokacin tatsa. Tana jin warin ɗanta za ta hau lasa, nono ya sauko. Ba tsafi ba ne, ba kuma wasa ba, kuma fatar wani ba ta yi. Tun ranar Asabar Baƙa ta riƙe nononta. Hantsarta ta kumbura ta yi zafi, in gwaggo ta kai hannu sai harbi, abin da ake samu da ƙyar bai rufe gindin kofi ba, yana kuma raguwa kullum. In ta ƙafe, ta ƙafe ke nan sai wata haihuwar, wato sai baɗi in da rai. A cikin shanun nan huɗu ita kaɗai ake tatsa. Tatsar safe ita gwaggo ke kai wa mai shayi su ci abinci. Ta yamma kuwa ta mijinta ce, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar tun bara, ba abin da yake iya haɗiyewa ya zauna masa sai madara mai ɗumi. An gwada masa ta gwangwani, ya dawo da ita. Jiya na je gaishe shi, na same shi yana bin kofin da ido, gwaggo kuma ta juya baya tana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Wallahi na ji zafin abin har cikin raina, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba.

5. Ranar Litinin, 14 ga Maris, na rufe shago na raka ta ofishinka. Mun zauna a bencin baranda, a ƙarƙashin allon nan mai hoton namun dajin da aka hana harbi, har magatakarda ya gama karyawa, ya gama waya, ya kuma gama hutawa daga wayar. Da gwaggo ta gaya masa abin da take so da fatar, sai ya yi dariya har da buga tebur, ya kira na ofishin kusa ya zo ya ji tsohuwar da za ta ɗinka wa saniya 'yar tsana. Bayan sun more, ya sanar da mu cewa shaida ba ta fita sai kwamiti ya zauna ya tabbatar ko fatar maraƙi ce ko ta barewa, kwamitin kuma zai zauna a ƙarshen watan gobe in an samu halartar kowa. Gwaggo ta ce masa, ɗan nan, saniya ba ta san watan gobe ba. Ya ce to ta je ta yi mata bayani. Wannan mutum a haife gwaggo ta haife shi, ko sannu bai ce mata ba.

6. Ranar Talata, 15 ga Maris, labari ya kai wa Kwamanda cewa mun je ofis, sai ya sha jinin jikinsa. Bai zo da kansa ba, don jarumtar tasa ba ta kai ƙofar gidan tsohuwa ba. Ya aiko abokin harbinsa da wata fata a leda, da saƙon cewa ga abin da ake ta kuka a kai, a rufe magana, a bar ɓata wa manya suna. Aka buɗe, sai ga fatar tunkiya jemammiya, irin wadda ake sayarwa a bayan kasuwa, har da warin jima. Gwaggo, da yake wanda ruwa ya ci ba ya zaɓen abin kamawa, sai da ta gwada. Baƙa ta shinshina sau ɗaya, ta yi fatali da ita cikin kashin shanu. Fatar tana nan har yanzu, in mai ita yana so ya aiko a ɗauka. Mutumin da bai bambance maraƙi da barewa ba, ba mu yi mamakin ya kasa bambance shi da tunkiya ba, sai dai muna mamakin ofishin da ya dube shi ya miƙa masa izinin riƙe bindiga a inda mata ke ɗiban ruwa.

7. A ranar dai na koma ofis ni kaɗai, na samu mai kula da ɗakin ajiya, wanda shi kaɗai ne ya yi mini magana kamar mutum. Ya nuna mini fatar ta taga. Tana rataye a ƙusa tsakanin tsofaffin tarkuna da wani keken da ba shi da sarƙa, ta bushe, ba ta lalace ba tukuna. Amma ya ce ma'aikata sun fara ƙorafin wari, saboda haka an ba da umarni ranar Juma'a da hantsi a fesa mata maganin ƙwari tare da duk abin da ke ɗakin. Ranka ya daɗe, warin nan da ke damun hancin ma'aikatanka shi ne duk abin da muke nema. In aka fesa, fatar ta zama tsumma, ko an ba mu ba ta da amfani.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, muna roƙon Mai Girma Darakta:

Na farko, ya dakatar da feshin, ko ya sa a fitar da fatar daga ɗakin kafin a yi shi.

Na biyu, ya ba da umarni a miƙa wa gwaggo fatar yau ko gobe. Ni zan ɗinke ta da hannuna, allura da zare da ciyawa duk suna ajiye, kuma na ɗauki alkawarin kawo ta duk ranar da kwamiti ya samu sukunin zama.

Na uku, ya duba izinin waɗannan maharba, a kuma sa wani ya kai Kwamanda bakin rafi ya nuna masa inda rana take fitowa, don ya san gabas.

In kuwa doka ta hana shaida fita daga ofis, muna girmama doka, ba za mu ja da ita ba. Sai dai na tambaya a bakin ƙofa, an tabbatar mini babu dokar da ta hana saniya shiga harabar. Don haka gwaggo ta ce in sanar da Mai Girma cewa ranar Juma'a da sassafe za ta iso da Baƙa da ƙwaryar tatsa, ta ɗaure ta a jikin tagar ɗakin ajiya, ta roƙi a miƙo fatar ko da hannun ma'aikaci ne a kai. In saniyar ta kau da kai, barewa ce, mun yi ƙarya, a ci mu tara. In ta hau lasa, gwaggo za ta durƙusa ta yi tatsarta a wurin, ta dawo da yamma, ta dawo washegari, har ƙarshen watan gobe. Ta ce a gaya wa magatakarda ya fito ya yi dariyarsa, ita dai da madarar mijinta za ta koma gida.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci. Ka huta lafiya.

Naka cikin girmamawa,

Telan bakin tasha
(sa hannu)

Gwaggonsa, mai shanun
(dangwalen yatsa)