Kwalin Mama Ya Iso Stuttgart

Stuttgart, 9 ga Nuwamba

Yaya Assunta,

Gaisuwa mai yawa. Ya gwiwar Mama? Ya maigidanki Rocco da yaran? Ni lafiya lau, tarin nan ma ya kusa sakina, kada ki gaya wa Mama.

Kwalin Mama ya iso: man zaitun, kwalaben tumatir, da barkonon da take shanyawa a baranda. Kwalba ɗaya ta fashe a hanya. Ina buɗewa ɗakin ya cika da ƙanshin tsakar gidanmu ranar dafa tumatir, ke kina wanke kwalabe, marigayi Baba yana faɗa wai wuta ta yi yawa. Na daɗe zaune ban share ƙasan ba.

Torsten, abokin aikina a masana'anta, ya yi ta yi mini dariya. "Kai Saverio, ba ƙasarku ke ƙera motocin attajirai ba? Me ya koro ka?"

Na ce, "Waccan Italiyar Milan ce. Tamu ta Calabria, asibiti ma sai ka yi tafiyar awa biyu."

Sai ya daina dariya. Ashe daga gabashin Jamus ya taso, an rufe makarantar garinsu saboda babu yara. Shi ma uwarsa kwali take aiko masa, na kokwamba mai tsami. Muka yi musaya.

Yaya, bana ma ba zan samu zuwa tsinkar zaitun ba. Na ji mutumin nan mai son sayen gonarmu ta zaitun ya dawo. Don Allah kada ku sayar. In itatuwan suka tafi, me Mama za ta sa a kwali, ni kuma ina zan riƙa cewa zan koma?

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninki,
Saverio